Na yi kuskuren allura a aikin dare, har yau ban faɗa wa kowa ba

Assalamu alaikum. Ni nas ce a ɗakin yara na wani asibiti a nan Jos, shekarata tara a aiki, ina da aure da 'ya'ya uku. Mako uku da suka wuce, a dare na shida cikin bakwai da nake yi a jere, mu biyu ne a kan yara 26. Wajen ƙarfe biyu, babu wuta, na zuƙi allurar jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta yara huɗu na jera a tire. Akwai yara biyu masu suna ɗaya, gadonsu na kusa da juna, ɗaya kilo 12, ɗaya jaririya 'yar wata huɗu mai kilo 5. Na yi wa ƙaramar allurar babbar. Sai da na ɗauki ɗaya sirinjin na ga abin da na yi. Na sake zuƙo wa babbar tata, na ja bakina na yi shiru. Bayan kwana huɗu aka sallami jaririyar, a ido lafiya lau. Ni kuwa tun ranar ba na barci sai na sha diyazefam da nake saya a kemis, daga miligiram 5 na koma 10. Hannuna na rawa in na riƙe sirinji. Ina yi wa 'ya'yana tsawa, abinci ba ya min daɗi, kukan yaran ɗaki ma ya daina taɓa zuciyata, kuma wannan ya fara tun kafin abin ya faru. A ranakun hutuna ina aiki a wani asibitin kuɗi saboda albashi ba ya kai mu. Wani lokaci in na kwanta sai in ce da ma kada in farka. In faɗa wa Matiron, shugabarmu ta nas-nas, ne, ko in ajiye aikin kawai? Ko dai na fara taɓuwa ne?

Wata nas, Jos

Wa alaikumus salam, Sista.

Za mu fara da maganar da kika ajiye can ƙarshe, don ita ce ba ta jira. Kin san abin da ake yi idan mara lafiya ya ce da ma kada ya farka: tambayarsa ake yi kai tsaye. To ga tambayar. Abin ya tsaya a fatan kada ki farka ne, ko kin fara tunanin yadda za ki cutar da kanki? Idan ya kai can, ko sau ɗaya ne, yau za ki ga likita. Ki sa maigidanki ko wata 'yar'uwa da kika yarda da ita ta raka ki sashen gaggawa mafi kusa, ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Idan a fata ya tsaya, duk da haka kada ki sake kwana da shi ke kaɗai. Mutum ɗaya a gidan ya ji shi daga bakinki a daren nan, ki kuma tattara magungunan da ke jakarki da durowarki ki damƙa masa ya kulle. Muna tsananta wannan a kan ma'aikacin lafiya fiye da kowa, domin ya san magani kuma hannunsa na kaiwa gare shi. Irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya lafa, kuma idan maganin na kulle a wannan ɗan lokacin, mutum yakan wayi gari.

Yanzu jaririyar. Mu yi lissafin a fili, don mun tabbata kin yi shi sau ba adadi a zuci cikin dare. Ma'aunin da aka saba bai wa yaro mai waɗannan watanni shi ne miligiram 7.5 a kan kowane kilo, sau ɗaya a rana. Mai kilo 5 rabonta miligiram 37.5, ƙasa kaɗan da mil ɗaya daga kwalbar nan mai miligiram 80 a mil biyu. Mai kilo 12 rabonta miligiram 90, mil biyu da kwata. Ke nan jaririyar ta samu miligiram 18 a kowane kilo, kusan ninki biyu da rabi na abin da ya kamata. Kuskure ne na gaske, ba za mu rage masa nauyi don mu faranta miki ba. Amma ki tuna yadda maganin ke ɓarna. Ƙoda ce ke fitar da jentamaisin, kuma illarsa ga ƙoda da kunne ta fi zuwa idan ya taru a jiki kwana da kwanaki, ko yaro ya bushe saboda amai da gudawa, ko ƙodar dama ba ta da ƙarfi, ko an haɗa shi da Lasix, maganin da ke sa fitsari. Allura ɗaya da ta wuce kima a jikin yaron da ke fitsari yadda ya kamata, galibi jiki kan fitar da ita ba ta bar komai ba. Galibi muka ce. Ba mai iya ba ki tabbaci sai an duba.

Ga abin da shirun ya jawo. Da likitan da ke kan kira ya ji a daren, da ya jinkirta allura ta gaba ko ya dakatar da ita, ya sa a riƙa auna fitsarinta a ga ko yana kai mil ɗaya a kowane kilo a kowace awa, a kuma duba kiriyatinin, gwajin jini da ke nuna aikin ƙoda, bayan kwana ɗaya ko biyu. Da yake ba wanda ya sani, an ci gaba da yi mata allurar a kan lokacinta. Wancan ya wuce. Wanda bai wuce ba shi ne kunne. Ƙoda idan wannan magani ya taɓa ta yawanci takan farfaɗo, ji kuwa idan ya tafi ba ya dawowa. Kuma siririn sauti yake fara ɗaukewa, don haka uwa za ta tafa hannu yarinya ta juyo, a ce kunnenta ƙalau. 'Yar wata huɗu ba ta da bakin cewa kunnena. Sai ta kai shekara biyu magana ta ƙi fita sosai, a fara cewa nauyin baki ne irin na dangin uba. Akwai gwajin da ake yi da 'yar na'ura da ake sawa a bakin kunne, minti kaɗan, ba zafi, yarinya na barci a cinyar uwarta. Idan ya nuna shakka sai a yi na biyu, mai auna yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro ne ke shirya wannan, kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna idan sai an tura. Ba wanda zai kira iyayen nan su kawo ta sai kin yi magana, domin ke kaɗai kika san akwai dalilin duba ta.

Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce e, ki faɗa, cikin kwana biyun nan. Amma akwai yadda ake faɗa.

Kafin ki je wurin kowa, ki ɗauki takarda ki rubuta abin da ya faru: kwanan wata, ƙarfe nawa, yara nawa ne a ɗakin, ku nawa ne, dare na nawa kike yi, cewa babu wuta, sunan maganin, abin da aka rubuta, abin da aka bayar, lokacin da kika gane, da abin da kika yi bayan nan. Abin da ido ya gani kawai. Kada ki rubuta “sakacina ne” ko “ban cancanta ba”, kada kuma ki jawo abokiyar aikinki ciki da zargi. Ki sa hannu, ki ajiye kwafi a gida. Sannan ki nemi ganin Matiron a ofishinta, ba a tsaye lokacin miƙa aiki ba, ki roƙi babban likitan yaran ya kasance a wurin, tun da shi zai ba da umarnin a kira jaririyar. Idan kin san Matiron ɗinku mai saurin hawa ce, ki fara da likitan, ko da wata babbar nas da take jin maganarta. Ki sanar da wakilin ƙungiyar nas-nas da ungozoma na asibitinku tun kafin zaman. Jimlar farko ita ce mai wuya, don haka ki haddace ta: “Ma, na zo in kawo rahoton kuskuren magani da na yi a ranar kaza, ina so a kira yarinyar a duba kunnenta da ƙodarta.” Sauran takardar za ta faɗa.

Fayil ɗin yarinyar kuma kada ki taɓa abin da ke ciki. Ba gogewa, ba cike gurbi da tsohon kwanan wata. Idan za a ƙara bayani, a rubuta shi da kwanan watan ranar da aka rubuta, a nuna cewa daga baya aka ƙara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta mai da sauya bayanan mara lafiya da nufin ɓoye gaskiya laifi, kuma nas da yawa da kuskurensu zai iya wucewa da gargaɗi, gyaran takarda ne ke kai su ƙasa.

Iyayen yarinyar suna da haƙƙin sani, amma ba ke za ki kira uwar a waya ba, ba kuma za ki nemi gidansu ki je ke kaɗai ba, ko da zuciyarki na tura ki. Asibiti ne zai kira su. A zaunar da su a ɗaki, likita ya jagoranci maganar: ga abin da ya faru, a ba su haƙuri, ga gwajin da za a yi, ga ranar da za su dawo. A ganinmu asibitin ne ya kamata ya ɗauki kuɗin gwajin, ki faɗi haka a zaman. Ko za ki kasance a ɗakin, ke da likitan za ku yanke, bisa yadda kike ji da kuma tsaron lafiyarki.

Ba za mu ce miki komai zai tafi sumul ba. Mai yiwuwa a ba ki takardar neman ba'asi, mai yiwuwa a sauya miki ɗaki, kuma faɗan da za a yi miki a kan shirun mako uku zai iya fin na allurar kanta. In an tambaye ki me ya sa kika yi shiru, ki ce tsoro ne, ki tsaya a nan. Wadda ta kawo kanta da takarda a hannu tana tsaye a wuri mafi ƙarfi fiye da wadda aka bankaɗo. Ta fuskar addini ma, malamai sun raba kuskure da ganganci. Abin da ya rage a wuyanki shi ne haƙƙin yarinyar na a duba ta, kuma wannan yana hannunki har yanzu.

Akwai abin da muke so ki kai wa zaman nan bayan ba da haƙuri. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masanin nan ɗan Ingila, James Reason, ya shafe shekaru yana nazarin haɗurran jiragen sama da masana'antu da asibitoci, kuma abin da ya nuna ke nan: ɓarna ba ta isa ga mutum sai kariya da yawa sun tsage a lokaci guda, kuma wanda hannunsa ya taɓa a ƙarshe shi ake gani. Ƙirga tsagogin darenki. Dare na shida a jere. Yara 13 ga kowace nas. Duhu. Masu suna ɗaya a gado kusa da juna ba wata alama. Maganin sau ɗaya a rana da aka bari ya faɗa ƙarfe biyun dare. Sirinji huɗu a tire ba rubutu. Jikin da bai huta ba ko a ranakun hutu. Biyun ƙarshe naki ne, ki karɓe su. Sauran biyar suna nan suna jiran nas ta gaba.

Bincike ya auna waɗannan abubuwa da lamba. A 1997 masu bincike a Ostareliya sun gwada saurin hannu da ido na mutanen da aka hana barci, suka ga wanda ya yi awa 17 a farke yana aiki kamar mai barasa a jini daidai iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita, wanda ya kai awa 24 kuma kamar mai ninkin wannan. Nas da ta tashi da asuba ta yi hidimar gida, ba ta runtsa da rana ba, ƙarfe biyun dare ta haura awa 20 a farke. A 2004 wani bincike a kan nas-nas a Amurka ya gano cewa aikin da ya kai awa 12 da rabi ko fiye yana ninka yiwuwar kuskure sau uku. Linda Aiken da abokan aikinta kuma a 2002 sun duba asibitoci 168 a jihar Pensilbeniya ta Amurka: duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, yiwuwar aikin ya tatse nas ɗin kuma da kashi 23. Su a can maganar mutum huɗu zuwa takwas ga nas ɗaya ake yi. Shi ya sa shugabar da za ta rufe wannan magana da “ki riƙa kula” ba ta gyara komai ba. Kina kula shekara tara. Ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ce ba ta iya kulawa, komai tsoron Allahn mai ita.

Tambayarki ta ƙarshe: a'a, abin da kika kwatanta ba taɓuwa ba ce. Abu uku muke gani sun hau kan juna, kuma raba su na da amfani don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ya riga allurar zuwa, ke ma kin faɗa: kukan yara ya daina taɓa ki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin, mutum ya ga kamar ba ya tsinana komai. Aiki ya tatse ki. Wannan bushewar zuciyar da kike jin kunyarta alama ce ta gajiya, kuma takan sake idan aka sami hutu na gaske aka rage nauyi. Na biyu shi ne abin da ya biyo bayan kuskuren, rawar hannu da maimaita daren a zuci. Likita Albert Wu na Amurka ya rubuta a kansa a 2000, ya kira ma'aikacin da ya yi kuskure mutum na biyu da abin ya raunata, bayan mara lafiyan. Abin da ya fi taimaka wa irin wannan shi ne magana da abokin sana'a da ya san yadda tire yake da ƙarfe biyun dare, da kuma ganin an gyara wani abu saboda abin da ya faru. Ɓoyewa na hana duka biyun.

Na uku ne ya fi damun mu. Rashin barci, rashin jin daɗin abinci, saurin fushi, ganin laifin kai, da fatan kada a farka, sun haura mako biyu: wannan ya isa a duba ki don ciwon damuwa. Kin san takardar PHQ-9 da ake auna ciwon damuwa da ita, tambaya tara, kowace daga sifili zuwa 3, jimla 27. Maki 10 ko fiye na nufin a ga likita, tambaya ta tara kuma, wadda ke kan tunanin mutuwa ko cutar da kai, ko maki ɗaya ta samu ba a jira. Ki cike ta don ki tafi da ita, ba don ki yi wa kanki hukunci ba. Kuma wannan ba maganar lafiyarki kaɗai ba ce. A 2008 an bi likitoci 123 masu neman ƙwarewa a asibitocin yara uku na Amurka, aka ƙirga kurakuran magani da suka yi a zahiri. Waɗanda ke da ciwon damuwa sun yi kuskure kusan ninki shida na waɗanda ba su da shi. Neman magani a gare ki yanzu yana cikin kula da yaran ɗakinki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ki gaya wa likitan komai, har da diyazefam da adadinsa da kwana nawa. Zai duba jini, hawan jini, suga da maƙoƙo, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan kawo gajiya da rawar hannu su ma. Idan ya rubuta maganin damuwa, ki sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kwanakin farko kuma kan zo da tashin zuciya ko rashin natsuwa, kuma a nan mutane da yawa ke yarwa su ce bai karɓe su ba. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji daidai. Ki nemi a haɗa ki da masanin halayyar ɗan Adam don zaman tattaunawa, yana aiki sosai a kan irin wannan zargin kai. Ki nemi takardar hutun rashin lafiya, ko na mako biyu ne, kuma ba dole a rubuta sunan ciwon a takardar da za ta je ofis ba. Mun san Jos ƙaramin gari ne ga ma'aikacin lafiya, ko'ina akwai wadda kuka yi makaranta tare. Idan idon sani ne zai hana ki, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, akwai Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta hana nuna wa mutum bambanci saboda irin wannan ciwo. Doka ba ta rufe bakin masu gulma, amma tana ba ki wurin tsayawa. Addu'a da sallar dare ki riƙe su, tare da maganin.

Diyazefam ɗin nan kuwa yana cutar ki ta hanya biyu. Yana daɗewa a jiki ƙwarai, shi da abin da hanta ke juya shi zuwa gare shi sukan kwana fiye da ɗaya suna yawo a jini, don haka wanda kika sha da safe bayan kin sauka yana tare da ke lokacin da kike lissafin allura da dare. Sannan jiki na sabawa da shi, kuma tashinki daga 5 zuwa 10 cikin mako uku shi ne shaidar. Kada ki ƙara, kada kuma ki yanke shi rana ɗaya bayan shan kullum, don yankewar kan kawo rawar jiki da tsananin rashin barci, wani lokaci har da jijjiga. Likita zai tsara ragewa kaɗan-kaɗan. Kuma ko da wasa kada hannunki ya kai ga magungunan kashe zafi irin su tiramadol ko fentazosin na ɗaki don neman sauƙi. Ta wannan ƙofa ma'aikatan lafiya da dama suka rasa lasisi da lafiya.

Aikin asibitin kuɗin ki ajiye shi na wata ɗaya aƙalla. Mun san ba don sha'awa kike yi ba. Ki zauna da maigida da biro da takarda, ku ga nawa yake kawowa bayan an cire kuɗin keke da abinci, ku ga abin da za a iya ɗagawa, ku kuma sa a ma'auni cewa kuskure na biyu zai iya tafiya da albashin gaba ɗaya. A zaman nan ki nemi abu takamaimai, don “ku taimaka min” ba ya sauya komai a gida: wa zai kai yara makaranta a makon aikin dare, wa zai yi girkin rana, da cewa daga ƙarfe tara zuwa biyu ba mai buga miki ƙofa ko da baƙi sun zo. Labule mai kauri, waya a kashe, bargo idan sanyin Jos ya sauko. Ki ƙara awa ɗaya da rabi na barci da yamma kafin ki fita. Shayi mai ƙarfi, kofi ko goro a farkon dare kawai, domin rabin abin da ke cikinsu na nan a jiki bayan awa biyar, kuma wanda aka sha da asuba shi ke hana barcin safe, daga nan a koma kemis. A ɗaki kuma ku yi karɓa-karɓa ke da abokiyar aikinki, kowa ta kwanta minti 20 tsakanin ƙarfe biyu da huɗu idan ɗakin ya lafa, ta ba kanta 'yan mintuna ta wartsake kafin ta taɓa magani. Idan za ku nemi gyaran jadawali, ku nema a ƙungiyance: dare uku ko huɗu a jere maimakon bakwai.

Idan kin koma, ga abin da zai toshe tsagogin da ke hannunki. Yaro ɗaya a lokaci ɗaya: ki zuƙa, ki yi, ki sa hannu a kati, sannan na gaba. Yana cin lokaci, amma shi kaɗai zai hana abin da ya faru. Idan dole sai an zuƙa da yawa, kowane sirinji ya sami filasta mai cikakken suna, lambar gado, magani da miligiram kafin a ajiye shi. A bakin gado kada ki ce wa uwa “wannan ce wance?”, don mai gyangyaɗi za ta ce e ga kowane suna. Ki ce “Mama, yaya sunanta da na babanta?”, ki haɗa da lambar fayil. Kafin ki tura, ki kalli sirinjin ki kalli yaron: mil biyu da kwata na jentamaisin bai dace da jikin da za ki iya ɗauka da hannu ɗaya ba. Abin da bai kai mil ɗaya ba a zuƙe shi da ƙaramin sirinji, girman sirinjin kansa ya zama gargaɗi. A rubuce kuma 0.9 ake sawa da sifilinsa, don ɗigon da ba sifili a gabansa yakan ɓace a hasken waya ya koma 9. Ki sayi tocila mai ɗaurawa a goshi, ana samu a kasuwar Taminus, hannu biyu su zama naki. Masu suna ɗaya a raba musu gado tun ranar kwantarwa, a ja layi da jan biro a katinsu. Ki roƙi likitoci su mayar da magungunan sau ɗaya a rana zuwa safe ko rana, lokacin da ido ya fi yawa.

Katsewa ma a rage ta. A asibitoci biyu na birnin Sidni a Ostareliya an bi nas-nas ana kallon yadda suke ba da magani, aka wallafa a 2010 cewa duk katsewa ɗaya na ƙara yiwuwar kuskure da kusan kashi 13 cikin ɗari. Lokacin zagayen magani, ɗayarku ta riƙe tire, ɗayar ta amsa kiran iyaye, kuma idan an katse ki a tsakiyar lissafi ki koma farko. Miƙa aiki kuma ya sami tsari guda da kowa ke bi: wane yaro ne ya fi tsanani, me ke damunsa, me ya rage a yi, me za a yi in ya rikice, sannan mai karɓa ta maimaita da bakinta. Da aka koya wa likitocin yara irin wannan tsari a asibitoci tara na Amurka da Kanada, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna kurakurai sun ragu da kashi 23 cikin ɗari, cutarwar da za a iya kauce wa kuma da kashi 30. Ba ya buƙatar kwamfuta ko janareta.

Maganar ajiye aiki, kada ki yanke ta yanzu. Mai ciwon damuwa da rashin barci yana ganin kowace ƙofa a rufe, kuma takardar murabus ba ta da sauƙin janyewa. Ki ba kanki wata uku daga ranar da kika fara magani. Kafin nan ki nemi a mayar da ke aikin rana na ɗan lokaci, ko sashen masu zuwa su koma gida, kuma a allurai goma na farko da za ki yi, ki sa wata da kika yarda da ita ta tsaya kusa da ke ta yi nata lissafin daban kafin ku haɗa. Rawar hannun takan ragu da maimaitawa, gudun sirinji ne ke ƙara ta. Idan wata ukun sun cika kina barci, kina cin abinci, kuma har yanzu zuciyarki na son barin ɗakin yara ko asibitin, sai ki tafi da takardunki a tsabtace.

Ki sake rubuto mana idan an duba kunnen yarinyar, ki kuma gaya mana wa kika damƙa wa magungunan a daren nan. Allah Ya ba ki lafiya, Ya ba ta lafiya.